Tsohuwar Kwamfutar Malam

 A wannan mako na ajiye zancen girki da reno, domin ina so in ba ku labarin wahalar da na sha a kan wani tsohon akwatin ƙarfe. Na san a cikinku akwai wadda ta ke da irinsa a ƙarƙashin gado, ko a bisa kabad an lulluɓe shi da tsohon zane, ba ta amfani da shi, ba ta kuwa iya yar da shi. To, da ke na ke.

Mu a Kakuri mu ke zaune, kudu da kogin Kaduna. Wadda ta san unguwar nan a da ta san masaƙu ne suka raya ta. Tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, jiniyar canjin aiki ita ce agogonmu. Da ita mu ke ɗora tukunya, da ita mu ke saukewa. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, akawu ne a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Da ya ga aiki ya soma ja da baya bai tsaya jira ba. A cikin 2001 ya tattara 'yan kuɗinsa ya sayo kwamfuta ta hannu da na'urar buga takarda, ya kama ɗan shago kusa da kasuwa. A 2002 Kaduna Textiles ta tsaya, wasu kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, gidaje da yawa a layinmu murhu ya yi sanyi. Mu dai akwatin nan ne ya riƙe mu.

Ni ce mai bugawa, gama na koyi tafireta tun ina 'yar makaranta. Na buga katin biki na Hausawa da Yarbawa da Bajju da Tibi, na buga takardun neman aiki ba iyaka, da rubuce-rubucen ɗaliban Poli na Barnawa. Kuɗin makarantar 'ya'yanmu huɗu daga nan ya fito. In dare ya yi, ciniki ya lafa, sai Malam ya zauna da yatsunsa biyu yana danna haruffa ɗai-ɗai kamar kaza tana tsintar tsaba. Tarihin gidansu ya ke rubutawa: yadda mahaifinsa ya baro ƙasar Katsina ya zo aikin reluwe, da sunayen kakanni, da wa ya auri wa, da gonakin gado da iyakokinsu. Ni a lokacin dariya na ke yi masa.

Bari in kwatanta muku ita, domin 'yan mata da yawa ba su taɓa ganin irinta ba. Akwatinta a kwance ya ke, launin madara, a kan ɗora talabijin ɗinta mai ƙaton ƙeya a bisansa. Ƙwaƙwalwarta ita ce wadda a ke kira Pentium III, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1999, tana aiki da Windows 98. Ram ɗinta, watau farantin da ta ke baza aikin da ta ke kai, megabait 128 ne. Rumbunta kuwa, inda ta ke ajiye rubutu ko an kashe wuta, gigabait 20. A gabanta akwai 'yar kafa ta sa faifan fulofi, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 1.44. Hoto guda na wayar da ke hannunki yanzu sau da yawa ya fi ƙarfin faifan nan.

Mun rufe shago a 2013, da kowa ya sami tasa na'urar. Malam ya rasu a 2016. Na kai ta ɗakin ajiya na rufe, ban sāke waiwayarta ba.

Abu biyu suka sa na tono ta, kuma a cikin wata ɗaya suka zo, bayan daminar 2024. Na fari, jikata da ke hannuna za ta zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta a ke yinta. Ta ce, "Kaka, tsohuwar nan ta maigidanmu ki ba ni mana a kai a sabunta ta." Na ce, "Ke kishiya, mijin ma kin ƙwace, yanzu kuma kayansa ki ke so?" Na biyu ya fi nauyi. Ƙanen Malam ya aiko daga gida cewa gardama ta tashi a kan iyakar wata gonar gado, dattawan da suka san wurin duk sun ƙare, amma ya tuna yayansa ya taɓa zama da su ya rubuta abin da suka faɗa.

Da muka buɗe ɗakin sai gabana ya faɗi. Ashe kwano ya yi ta yoyo daidai kanta. Tsatsa ta cinye murfi da kusurwa guda har yatsa na shiga. Robar gaba ta yi jawur, gama rana da zafi su kan canza launin irin robar nan su busar da ita, ina taɓawa ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Kyankyasai suka watse ta kowace kafa.

Kuskuren da na kusa yi shi na ke so ku fara kiyayewa. Na ɗauki waya zan jona ta da wuta in ga ko tana da rai. Jikata ce ta riƙe hannuna. Na'urar da ta yi shekara goma sha ɗaya a ajiye, ta sha damshi da ƙura, ba a jona ta sai wanda ya sani ya buɗe ya duba. In akwai laima ko kashin kyankyaso a kan allon cikinta, wuta na shiga ta ƙone, abin da ruwa ya bari ke ki ƙarasa shi da hannunki.

Muka sa ta a Keke Napep muka kai wa wani yaro mai gyara a Barnawa. Yaron kirki ne, da ƙyar in ya girmi kwamfutar da shekara biyar. Da ya kwance sukurori ya ɗaga murfi sai ya ce, "Mama, kin yi sa'a." Babban allon, wanda su ke kira madabod, ba a manne ya ke da gindin akwati ba, bisa wasu 'yan ƙafafu ya ke, saboda haka ruwan ya bi ta gefe ya bar shi. Ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye a tsaitsaye a kan allon, sunansu kafasito. Mai lafiya kansa a shafe ya ke, wanda ya lalace kansa ya kan kumbura, wani har ya yi tsiyaya. Biyu sun kumbura. Ya ce injinan da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 sun yi suna da wannan ciwo. Sai ɗan batir mai kama da kwabo, wanda ke riƙe wa na'ura agogo, shi kuwa ya daɗe da mutuwa.

Kafin ya taɓa kome sai ya zare rumbun. Irin na da ne, mai faffaɗar igiya kamar ɗamara da haƙora 40, ba ya shiga injin zamani kai tsaye, amma akwai 'yar mahaɗa da a ke sa masa. Ya jona shi da tasa kwamfutar, muka yi jugum. Ya yi ƙara kamar mai gyaran murya, sa'an nan sunayen takardu suka jeru. Na ga "Tarihin Gidanmu" a cikinsu. Ban san sa'ad da na sa bakin gyale na rufe fuskata ba. Nan take ya kwafe kome da kome ya zuba a filashi biyu.

Daga nan muka shiga zancen sabuntawa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ce, "Ɗana, yarinyar nan tana so a mai da ita ta zamani. Me za a yi?" Ya ce Windows 11 ba ta zama a injin da ram ɗinsa bai kai gigabait 4 ba, watau ninki 32 na wanda mu ke da shi, allon nan kuwa ba ya ɗaukar ko kusa da haka. Sai an canza allo. In an canza allo, ƙwaƙwalwar ba ta shiga sabon, sai an canza ta. Ram ma haka. Rumbu ma haka. Tukunyar wutar da ke raba musu lantarki ita ma sai sabuwa. Na ce, "To, in an gama duk wannan, me zai rage na Malam?" Ya ce, "Akwatin, Mama." Na ce, "Akwatin da ya ruɓe?" Ya sunkuyar da kai yana dariya, jikata ma ta kama dariya.

Kun ji fa, 'yan'uwa. Abin da a ke kira sabunta tsohuwar kwamfuta irin wannan, sabuwa ce za ki saya gunduwa-gunduwa ki zuba a tsohuwar riga. Ban ce sabuntawa ba ta da amfani ba. Injin da bai wuce shekara takwas ko goma ba, in aka ƙara masa ram aka sa masa rumbu na zamani, ya kan farfaɗo ƙwarai, kuɗin kuwa kaɗan ne. Amma wanda ya ba shekara ashirin baya, zamaninsa dabam ne, kayan yau ba su shiga jikinsa. Ki dubi keken ɗinkin da uwarki ta bar miki. In teburinsa ya ruɓe kafinta ya yi miki wani, har yanzu keken uwarki ne. In kin ɗaura masa mota, ran da ki ka so kya kwance ta. Amma in aka cire kan keken aka dasa wani a bisa tsohon teburi, kada wani ya ce miki gyara aka yi. Na ce da yaron a bar kaza cikin gashinta. A gyara abin da ya lalace, a nemo mata akwati, yarinya kuma mu nema mata tata dabam.

Zan faɗa muku gaskiya, rubutun Malam ba ya bukatar tsohon injin, tun da an kwafe shi. Amma ku ji abin da ya faru da muka buɗe shi a kwamfutar yaron. Inda Malam ya rubuta "ƙasa" sai muka ga "qasa", "ɗaya" ta zama "xaya", "ɓangare" ya koma "vangare". Jikata ta ce, "Kaka, ashe maigidan namu bai iya rubutu ba." Ya iya sarai. A wancan zamani kwamfuta ba ta zuwa da haruffanmu masu lanƙwasa. Sai masana suka ƙera salon haruffa na musamman a ke zubawa a ciki. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi irin wannan aiki a shekarun 1990, da haruffan da a ke kira Rabi'at da Abdalla. Dabarar ita ce a ari maɓallan da Hausa ba ta amfani da su, a wani salon q da x da v, a wani kuwa alamomin baka, in kin danna sai ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito. To, in aka kai takardar injin da ba shi da wannan salon, sai aron ya tonu. Saboda haka in za ki kwashe tsohon rubutun Hausa, ki ce a kwafo har da salon haruffan. In kuwa kina so ya zauna daram a kowace na'ura, sai a bi a musanya haruffan aro da na gaskiya, waɗanda yanzu ko a waya akwai su. Jikata ta yi wannan aiki cikin kwana uku, tana yi tana karanta sunayen kakannin da ba ta taɓa ji ba.

Saura akwati. Ni a zatona zan shiga kasuwa in nuna wanda na ke so a naɗe mini. Ina! Yaron ya bayyana mini cewa a 1995 Intel ta fitar da wani ma'auni mai suna ATX, wanda ya tsara girman allo da wuraren ramukan sukurori da inda kafofin baya za su leƙo. Cikakken allon ATX inci 12 ne da inci 9.6. Kwamfutar da aka harhaɗa a shago bisa wannan ma'auni, ko ta shekara ashirin ce, galibi takan zauna a akwatin da a ke sayarwa yau. Amma manyan kamfanoni da yawa su kan yi wa injinansu na ofis allo da akwati na kansu, ba mai shiga na wani. Tamu irin waɗannan ce. Muka gwada akwati uku, ramuka ba su haɗu ba, kafofin baya suna kallon bango.

Na haye gada na tafi Panteka. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, kasuwa ce ta maƙera da masu walda da kafintoci, inda a ke mai da tsohon ƙarfe tukunya da murhu da akwatin amarya, ƙarar guduma ba ta barin ki ji maganar na kusa da ke. Wani dattijo ya juya ruɓaɓɓen akwatin a hannunsa, ya ce, "Hajiya, ki ba ni kwana huɗu in buga miki wanda ya fi shi ƙarfi." Na kuwa yarda zai iya. Wani kafinta a gefensa ya ce shi da katako zai yi, ya shafa masa mai ya yi ƙyalli. Kada ku raina maganar kafintan nan. Kwamfutar farko ta kamfanin Apple, a 1976, allo tsirara aka sayar da ita ba akwati, masu saye da yawa na katako suka sa mata. Kimanin 200 kaɗai aka yi, shi ya sa a 2014 wani gidan tarihi a Amurka ya sayi guda a kan dala 905,000. Amma kada wata ta ji wannan ta soma lissafin kujerar Makka da ta ƙarƙashin gadonta. Irin tamu miliyoyi aka yi.

Na koma na shawarci yaron, ya ce katako yana riƙe zafi, ga zafin Kaduna a watan Maris, kuma akwatin ƙarfe yana da wani aiki ban da rufi, gama shi ke kwashe wutar da ta ɓalle ya kai ta ƙasa. Na maƙeri kuwa zai yi, in an auna ramuka daidai, an bar wa fanka hanyar iska. Na riƙe wannan a matsayin mafita ta ƙarshe. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina so in na dube ta in ga abin da Malam ya ke zama a gabansa.

Sai yaron ya ce mu nemi 'yar'uwarta da ta mutu. A bayan kowace irin wannan na'ura akwai 'yar takarda manne mai lambar samfurinta. Ya ɗauki hoton lambar da na bayan akwatin, ni kuma na auna tsawo da fāɗi da tef ɗin ɗinkina, muka ba 'yan gwangwan da ke yawo da kura a unguwa, muka aika wa masu gyara a Television da Sabon Tasha da cikin gari. Wata uku shiru. Sau biyu a ka kira ni na je na tarar ba ita ba ce. Ran nan da hantsi sai ga wani ɗan gwangwan a ƙofar gida yana sallama, ya ce, "Hajiya, ga mutuniyarki." Daga wani tsohon ofis aka kwaso su. Allonta ya ƙone ƙurmus, amma akwatin ko ƙwarzane babu, sai ƙura. Da na yi jinkirin kwana ɗaya da ta hau sikeli, gama su da kilo su ke sayarwa. Abin da na ba shi bai kai kuɗin turmin atamfa ba, ya tafi yana godiya, ni ma ina godiya.

A wuni ɗaya yaron ya mai da kayan cikin tamu a sabon gida. Abin da na yarda a canza uku ne: kafasito biyun nan, da batir, da fanka mai kuka. Waɗanda aka cire ban bari an zubar ba, suna cikin gwangwanin madara da 'yar takarda mai kwanan wata. Tukunyar wuta da na'urar fulofi na matacciyar kuma na ajiye su saboda gaba. Akwai wata 'yar takarda da Malam ya manna a tsohon murfin da rubutun hannunsa, "A kashe kafin a tashi." Na sa reza na ɓamɓaro ta a hankali na manna a sabon. Da aka kunna, tambarin Windows 98 ya fito, ta yi ɗan kiɗan nan nata na buɗewa, sai na ji kamar ina shago, Malam yana bakin ƙofa yana ƙirga canji.

Ga 'yan gargaɗi ga mai irinta. Kada ki sa ta a intanet, gama tun 2006 Microsoft ya daina yi wa Windows 98 rigakafi, XP ma tun 2014, shafukan yau ma ba za su buɗu a cikinta ba. Kada yaro ya buɗe bayan talabijin ɗin ko tukunyar wuta, suna riƙe lantarki mai kisa ko an zare waya. In kuwa taki ta ƙone ba gyara, ki sayar wa 'yan gwangwan ba laifi, amma ki sa a zare rumbun tukuna ki riƙe, domin wasiƙunku da hotunanku suna ciki, mai saye kuwa yana iya buɗewa kamar yadda yaron nan ya buɗe namu. Kada kuma a ƙona wayoyinta a tsakar gida don neman jan ƙarfe, hayaƙin guba ne.

Shafi shida Malam ya rubuta a kan gonar nan, da sunayen dattawa uku da suka nuna masa iyaka, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Na sa an buga tarihin duka a takarda kofe uku, na aika wa ƙanensa ɗaya. Ya ce an karanta a gaban mai unguwa, kowane ɓangare ya gane tsamiyar. Jikata kuwa kawunta ya saya mata 'yar tafi-da-gidanka ta hannu, ta yi jarrabawarta.

Tsohuwar tana ɗakina a bisa teburi, na ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu. Ran Asabar in akwai wuta, 'yan matan layinmu su kan zo su huɗu ko biyar, ina koya musu ɗora yatsu goma a kan haruffa ba tare da kallo ba, wannan kuwa tsohuwa da sabuwa duk ɗaya ne. Sai dai talabijin ɗin ya soma yin ja-ja a gefen hagu, yaron ya ce kwanansa sun kusa, kuma masu gyaran irinsa sun yi ƙaranci. In akwai wadda ta ke da mai inci 14 ko 15 a ƙarƙashin gado, mai lafiya, ta aiko da takarda ta hannun Edita, ni zan biya kuɗin mota.